Darasi: Ƙaramar madatsar ruwa da mutanen da ke ƙasa da ita

Mu da ke zaune a Gwadangaji, Birnin Kebbi da Argungu mun san ƙarfin ruwa. Ba mu manta da Satumba na 2010 ba, lokacin da ruwan madatsar Goronyo ya cinye gonaki da ƙauyuka a kwarin Rima. Amma akwai madatsar da ba mu cika kula da ita ba, wato ƙaramar jingar da mutum kan yi a lambunsa domin kiwon kifi, ban ruwa ko wurin shaƙatawa. Muna ganin ƙarama ce, saboda haka babu komai.

Yaya ake auna haɗari?

Injiniyoyi sukan yi tambayoyi biyu. Ta farko: yaya lafiyar jingar take? Ta biyu: idan ta fashe yau da dare, wa ruwan zai samu? Jinga mai kyau da ke sama da gidajen mutane ta fi tsohuwar jinga a dajin da babu kowa haɗari.

Bari mu yi lissafi. Tafki mai faɗin hekta 1 da zurfin mita 2 yana ɗauke da lita miliyan 20. Nauyinsa tan 20,000 ne, kimanin tankar mai 600. Gidan laka ba ya tsayawa gaban wannan.

Abin da ke fasa jinga

1. Ruwa ya haura ta kai. Wannan kan faru idan babu mafitar rarar ruwa, ko kuma shara da ciyawa sun toshe ta. Madatsar Bagauda ta Kano ta fashe a Agusta na 1988 bayan ruwan sama mai yawa, ta Alau kusa da Maiduguri kuma a Satumba na 2024. Idan manya sun gaza, ina ga wadda aka tara da shebur?

2. Ruwa ya ci ta ciki. Ramin gafiya, gidan gara da saiwar bishiya da ta ruɓe duk hanyoyi ne. Ruwa yakan bi su yana kwashe ƙasa kaɗan kaɗan har ramin ya buɗe.

Alamun da za mu duba

• Yoyo a gindin jinga. Idan ruwan garau ne, mu sa masa ido. Idan yana fitowa da laka, jingar tana zubewa daga ciki, a kwashe mutane nan da nan.
• Tsagewa ko lotsawa a saman jinga.
• Wuri mai danshi da koren ciyawa a tsakiyar rani.

Abin da za mu iya yi

• Mu share mafitar ruwa kafin damina, mu rage ruwan tafki kafin Agusta.
• Mu dasa ciyawa a kan jinga, ban da bishiya.
• Mu kewaye tafkin domin yara da dabbobi. Mu tuna kuma cewa ruwan da ke kwance yana kawo sauro da tsargiya.
• Mu yarda a kan alamar gargaɗi da tudun da za a gudu, mu san wanda zai ɗauki tsofaffi da marasa lafiya.
• Mu je wurin mai tafkin cikin ladabi tare da mai unguwa. Idan abin ya fi ƙarfinmu, mu sanar da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha.

Tafkin na mutum ɗaya ne, amma ranar da ya fashe ba ya tsayawa a iyakar gonarsa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Jinga ko kududdufi nawa ne ke sama da gidajenmu?
2. Yaushe aka duba su na ƙarshe, kuma wa ya duba?
3. Idan ruwa ya taso da tsakar dare, wa zai tashe mu, kuma ina za mu nufa?