Zaman Baƙunci a Littattafan Hira

'Yan'uwa, ina so mu duba yadda marubuta ke nuna zaman baƙunci. A littafinta Two Caravans na 2007, Marina Lewycka ta ba da labarin mutanen Yukiren masu ƙodago a gonakin Ingila, ana cin guminsu.

To, mu ma muna da namu. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, 1934, an sace Umar yana yaro, aka kai shi Masar. Can ya zama babban malami, amma uwarsa ta faɗa bauta garin nemansa. Da suka sadu, ba ta jima ba ta rasu.

A ganina, in muna karanta wa yaran Bagadaza labarin matafiyi, mu tambaye su: wa ya bari a gida?