Wasiƙa Ga Matasa Masu Niyyar Ƙaro Karatu a Ilimin Tsara Ayyuka

Ƙannena maza da mata,

Da ku nake, ku da kuka kammala digirin farko a lissafi, ko ƙididdiga, ko injiniyanci, ko kwamfuta, ko tattalin arziki, kuka gama bautar ƙasa, yanzu kuna ta shawarar inda za ku sa gaba. Ina so in jawo hankalinku ga wani fanni da ba a cika ambatonsa a majalisa ba, wato ilimin binciken tafiyar da ayyuka, wanda a jami'o'i ake kira Ofareshans Risac. Aikinsa shi ne a dubi asibiti, ko kamfani, ko ma'aikata, a ga abin da ke hannu na kuɗi da mutane da motoci da lokaci, sannan a sa lissafi ya nuna yadda za a juya wannan ɗin ya ba da amfani fiye da na jiya. Ina son ku karanta shi. Amma ina son ku shige shi da idonku biyu, domin mutum kan iya gama shi da kwali mai kyau alhali bai taɓa rage wa kowa wahalar minti ɗaya ba.

A Ingila aka raɗa wa fannin suna, gab da Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka haɗa masana kimiyya da sojoji a tashar Bawdsey don su gano yadda za a ci moriyar na'urar rada. Labarin da na fi so ku riƙe ya faru ne a 1941, a rundunar jiragen saman da ke tsaron teku, inda Patrick Blackett yake jagorantar masu bincike. Jiragen suna jefa wa jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus bama-bamai da aka saita su fashe a zurfin ƙafa 100, amma da ƙyar suke nutsar da ko ɗaya. Sai wani masani, E. J. Williams, ya zauna ya bi rahotannin hare-haren ɗaya bayan ɗaya. Ya ga cewa jirgin da ya daɗe da nutsewa, ba wanda ya san takamaiman inda ya nufa, jifansa asarar bam ce. Wanda kuwa aka ritsa a saman ruwa, ko ya fara nutsewa kenan, an san inda yake, sai dai bam ɗin kan wuce shi ya je can ƙasa ya fashe. Aka mai da saitin ƙafa 25. Yawan jiragen da ake nutsarwa ya ninka. Ba a ƙera sabon makami ba, ba a ƙara matuƙi ko ɗaya ba. An sami mutumin da ya karanta rahoton da kowa ke jibgewa a kabad, ya yi tambayar da ta dace.

Shi ya sa nake ganin fannin nan ya fi dacewa da inda abu ya yi ƙaranci. Mai yalwa yakan rufe ɓarnarsa da kuɗi. Wanda motar ɗaukar marasa lafiya biyu gare shi, ga garuruwa ashirin, ba shi da wannan damar.

Ku dubi layi. Duk cikinmu ba wanda bai taɓa yini a layin asibiti ko na banki ba, har mun ɗauke shi kamar ƙaddara. Alhali tun 1909 wani injiniya ɗan ƙasar Denmak, A. K. Erlang, da ke aiki a kamfanin tarho na Kwafanhegan, ya fara lissafin yadda jira ke taruwa. Ga abin da tsari mafi sauƙi na wannan lissafi ke nunawa. A ce likita ɗaya ne, yana ganin kowane majinyaci cikin minti 10 a matsakaici, mutane kuma suna zuwa ba bisa jadawali ba. In aikin ya cinye kashi 80 cikin ɗari na lokacinsa, matsakaicin jira minti 40 ne. In ya kai kashi 90, jira ya zama minti 90. In ya kai kashi 95, ya zama minti 190, sama da awa uku. Ku sake duba alƙaluman nan da kyau. Shugaban da ya ga ma'aikacinsa ya ɗan sarara ya ce ana asara, ya ƙara masa kaya har ba ya iya ɗaga kai, da hannunsa ya ƙera layin da zai zo yana kuka da shi. Wannan ɗan sararin shi ke shanye cunkoson da kan zo ba zato. Ina gaya muku haka ne don ku sani tun yanzu cewa inganta aiki ba tatse ma'aikaci ba ne, kuma wata rana ku ne za ku tsaya gaban mai gida ku nuna masa hakan da lissafi.

Bayan lissafin jira, wani ginshiƙin fannin shi ne lissafin zaɓen mafi dacewa a cikin iyakoki. Leonid Kantorovich ya fara shi a 1939 a Leningirad, da aka kawo masa matsalar rabon aiki tsakanin injuna a masana'antar falanki, kuma ya sami kyautar Nobel a 1975. George Dantzig a Amurka ya fito da hanyar warwarewa da ake kira simfiles a 1947. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajenta na farko shi ne matsalar abinci ta George Stigler: daga cikin nau'in abinci 77, wane haɗi ne mafi arha da zai ba mutum duk sinadaran da jikinsa ke buƙata? Akawu tara suka duƙufa da injin lissafi na hannu, aikin da ya ci kwanakin aiki 120 in an tara, suka sami dala 39.69 a shekara bisa farashin 1939. Yau kwamfutar da ke jakarku za ta gama shi kafin ku ƙifta ido. Mai gonar kajin da ke auna masara da waken suya da dusa don ya haɗa abinci mai arha wanda ba zai rage ƙwai ba, wannan lissafin yake yi, ko ya sani ko bai sani ba.

Sai dai ku ji abin da Stigler ya samo da nasa ƙiyasin: garin alkama, madarar gwangwani, kabeji, alayyafo da busasshen wake, kullum, shekara guda. Lissafi ya cika, amma wa zai ci? Nan ne ramin da ɗaliban fannin suka fi faɗawa. A 1979 Russell Ackoff, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa koyar da fannin a Amurka, ya fito fili ya zargi abokan aikinsa da cewa sun shagala da ƙawata lissafi sun bar ainihin matsalolin ma'aikatu. Gargaɗinsa bai tsufa ba. Ƙungiyar INFORMS ta masana fannin takan ba da kyautar Edelman duk shekara, kuma ba ta bayarwa sai ga aikin da aka aiwatar aka ga amfaninsa. A 2014 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta same ta saboda lissafin da ya taimaka wajen tsara yaƙi da shan inna, cutar da Arewacin Nijeriya ya sha fama da ita kafin a tabbatar da kawar da nau'inta na daji daga Afirka a 2020. A 2021 Hukumar Abinci ta Duniya ta same ta, saboda tsarin da ke haɗa zaɓen abincin agaji da inda za a saya da hanyar da za a bi a kai shi. Irin wannan aikin nake so ku sa a gaba.

Game da shiri, kada ku ruɗi kanku. In aljabarar matirik da lissafin yiwuwa da ƙididdiga sun yi muku tsatsa, ku koma ku wanke su kafin ku nemi gurbi. Ku koyi Python har hannunku ya faɗa. Solver da ke cikin Excel ya isa ku fara, OR-Tools na Google kuma kyauta ne. A gida, Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola ta daɗe tana koyar da fannin, wasu jami'o'in kuma suna ajiye shi a sashen lissafi, ko ƙididdiga, ko injiniyancin masana'antu. Cibiyar AIMS, da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Ghana da Kamaru da Senegal da Ruwanda, kuma tana ɗaukar nauyin ɗaliban digiri na biyu a kimiyyar lissafi. A waje akwai Lancaster a Ingila da MIT a Amurka. Mai son shiga aiki, digiri na biyu ya ishe shi. Na uku na mai son bincike da koyarwa ne, kada a shige shi don a kira mutum Dakta.

Duk inda za ku nema, ku binciki malamin da zai duba aikinku fiye da yadda za ku binciki sunan jami'ar. Ku tambayi tsofaffin ɗalibansa: a ina suka samo alƙaluman da suka yi aiki da su? Akwai wata ma'aikata da ta karɓi sakamakon ta gwada? In amsar ita ce kowa a ɗaki ya zauna ya ƙirƙiro lambobinsa, ku nemi wani.

Abin da zai fi ba ku wuya ba a aji yake ba. Za ku je ma'aikata ku tarar littafin sito ya ce akwai katan hamsin, sito kuwa talatin ne a ciki. Za ku tarar an cike rajistar mako guda a zama ɗaya, da biro ɗaya. Kada ku raina mutanen, kada kuma ku kwashi lambobin ku zuba wa kwamfuta, domin ba ta san ƙarya ba, abin da aka ba ta shi za ta juya. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ku ɗauki agogo da littafi ku zauna a bakin ƙofar ɗakin kati tun asuba. Ku shiga mota da direba ku bi hanyar da taswira ta ce ta fi kusa, ku ji daga bakinsa abin da ya sa ba ya bin ta da damina, ko bayan la'asar. Ku gaishe da mai sito da masinja da nas da girmamawa, ku kira su Malam da Baba da Hajiya, domin abin da suka sani a shekara ashirin ba ya cikin kowane fayil, kuma in suka ɗauka kun zo ne a kore su, ba za ku ji gaskiya daga gare su ba.

Wannan tsoro nasu kuwa ba banza ba ne. Za a sami shugaban da ya riga ya yanke shawarar sallamar mutane, ko ba wani ɗan uwansa kwangila, ya kira ku don ku sa masa hatimin lissafi. Ku rubuta abin da kuka gano, da zaton da kuka gina shi a kai, da wanda zai ji jiki in an bi shawarar, ko da ba shi ake son ji ba. Tsarin da ya rage kuɗin mai ta hanyar tsallake ƙauyuka masu nisa, a takarda ya yi kyau, amma akwai yara a ƙauyukan. Ku ne za ku rubuta wa kwamfuta cewa ba a tsallake kowa, in ba ku rubuta ba ba wanda zai rubuta.

Kafin ku cike fom, ku yi ɗan aiki guda. Ku nemi izinin wani kantin magani, ko makaranta, ko gidan burodi a unguwarku, ku tattara alƙaluman wata ɗaya da hannunku, ku gwada gyara abu ɗaya: yaushe za a sake odar kaya, ko yadda za a raba darussa a jadawali, ko ta ina mai babur zai fara kai burodi. Ku bayyana wa mai wurin sakamakon da Hausa, ba da alamomin lissafi ba, ku ga ko zai yarda ya gwada. Abin da ya fito, mai daɗi ko akasin haka, ku sa shi a takardar neman gurbinku.

Allah ya ba ku sa'a, ya yi muku jagora.

Wassalam,
Yayanku.