Man sintetik da kulocin babur: a duba tambari kafin a zuba

Maganar da ta zama ruwan dare tsakanin 'yan kabu-kabu da wasu daga cikinmu kanikawa, daga 'Yankuzo zuwa Tsafe, Gusau har Bungudu, ita ce wai baƙin mai na sintetik yana sa kulocin babur ya riƙa zamewa, don haka kada a kusance shi. Masu faɗin haka ba ƙarya suke shirgawa ba, domin akwai babura da suka fara zamewa bayan an juye musu irin wannan man. Sai dai an kama wanda bai yi laifi ba. Abin da ke raba man da zai zauna lafiya da kuloci da wanda zai lalata shi shi ne sinadaran da aka haɗa a cikinsa, kuma ana gane hakan ne daga rubutun da ke bayan galan. Kasancewarsa sintetik ko na gargajiya ba shi ne ma'auni ba.

Sai an san yadda cikin injin yake kafin maganar ta zauna. A mota mai giyar hannu, kuloci busasshe ne, yana zaune a ɗakinsa, man inji bai taɓa shi, giya kuma tana da nata man daban. A babura masu inji mai bugu huɗu irin Bajaj Boxer, TVS, Haojue da Honda da suka cika hanyoyinmu, mai ɗaya ne, kusan lita guda, ke yi wa fistin da giya da kuloci hidima gaba ɗaya. Farantan kuloci suna nutse cikin man nan, yana sanyaya su, amma kuma dole su cije juna idan an saki hannu domin ƙarfin inji ya isa tayar baya. Ke nan ana neman mai ya yi santsi a wani wuri, ya kuma bar damar riƙo a wani wurin. Masu haɗa man motocin zamani ba su da wannan damuwa. Burinsu rage shan fetur, shi ya sa suke ƙara sinadaran rage gogayya, irin masu ɗauke da molibdenum, waɗanda ke lulluɓe ƙarfe da santsi. Alheri ne ga injin mota, amma idan suka shiga jikin farantan kulocin babur sai riƙon ya ragu, ka murɗa totur inji ya yi ta ihu, tafiya kuwa ba ta ƙaru ba, musamman a hawa ko da kaya.

Wannan matsala ba a Zamfara aka fara ganinta ba. Ita ce ta sa hukumar ƙa'idojin motoci ta Japan, wadda ake kira JASO, ta fitar da ma'auni na musamman don man babura masu inji mai bugu huɗu a shekarar 1998. Ta raba man gida biyu. Mai tambarin MA shi ne wanda aka gwada aka tabbatar yana barin kuloci ya riƙe, mai tambarin MB kuwa mai santsi ne, an yi shi don irin sikuta masu tafiya da bel waɗanda kulocinsu busasshe ne. A 2006 aka sake raba MA zuwa MA1 da MA2, inda MA2 ya fi ba da riƙo. Abin lura shi ne wannan gwaji bai tambayi asalin man ba. Akwai sintetik mai MA2, akwai na gargajiya mai MA2, akwai kuma man mota na gargajiya da ba a taɓa gwada shi a kulocin babur ba. Idan ka ga an rubuta Energy Conserving ko Resource Conserving a cikin zagayen tambarin API da ke jikin galan, to wannan na mota ne, ka mayar da shi kan kanta ko da mai shago ya rantse maka cewa shi ne mafi tsada.

To me ya sa waɗanda suka gwada suke kuka? Yawancin sintetik ɗin da ke shagunan kayan mota a Gusau an kawo shi ne don masu motoci, mai lamba 5W-30 ko 0W-20. Mai babur ya ji an ce ya fi kyau, ya saya ya zuba, kuloci ya fara zamewa, sai sunan sintetik ya ɓaci baki ɗaya. Wani lokacin kuma farantan sun riga sun cinye, sifirin sun saki, tsohon man da ya yi kauri da datti ne ke rufa musu asiri, sabon mai na shiga sai ciwon ya bayyana. Akwai kuma dalili na uku da ake yawan mantawa, wato wayar kuloci da aka ɗaure tamau babu sarari. Honda kan nemi a bar wasan milimita 10 zuwa 20 a bakin hannun kuloci, kuma idan babu shi farantan ba sa haɗuwa sosai, kowane irin mai aka zuba. Ƙari a kan haka, 'yar gwangwanin maganin mai da wasu ke tsiyayawa a inji don ya yi laushi tana iya yin irin ɓarnar da man mota ke yi.

Masu cewa sintetik ruwa-ruwa ne, ba zai jure zafinmu ba, sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Kaurin mai lambarsa ce ke nuna shi. Sintetik mai 20W-50 da na gargajiya mai 20W-50 ajinsu ɗaya idan inji ya ɗauki zafi. Inda suka bambanta shi ne juriya, kuma a nan sintetik ne ke gaba. Baburanmu iska ce ke sanyaya su, ba su da lagireto. A watan Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, ga buhunan masara ko dawa, ga fasinja biyu, ga tafiya a giya ta ɗaya da ta biyu cikin rairayi daga ƙauye zuwa kasuwar Tsafe. A irin wannan aiki man gargajiya kan ƙone da wuri, haƙoran giya kuma suna tsinka shi har ya tsinke. Sintetik na gaskiya ya fi daɗewa bai canja hali ba. Lambar da ta dace kuwa tana cikin ɗan littafin da ke zuwa da babur, wanda akasari ake jefarwa tare da kwali.

Hujjar da na fi girmamawa ita ce ta kuɗi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ɗan kabu-kabu yana lissafin kowace naira, kuma sintetik ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ana iya cewa zai daɗe kafin a juye, amma a wurinmu wannan riba ba ta cika fitowa ba. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin burji tana ratsa matatar iska ta shiga mai, fetur ɗin bumburutu da ba a san abin da aka gauraya masa ba shi ma yana zubowa ya tsinka shi, kuma yawancin ƙananan baburan nan 'yar raga ce ke tace musu mai. Komai tsadar mai, ba ya narkar da yashi. Don haka wanda ya zuba man gargajiya mai tambarin MA yana juyewa a kan kari, yana wanke matatar iska, ya fi wanda ya sayi sintetik ya bar shi wata da watanni yana taƙama da tsadarsa. Ban ce kowa ya koma sintetik ba. Cewa na yi kada a ji tsoronsa, kada kuma a ɗauke shi maganin sakaci.

Babban haɗarin ma ba a nan yake ba. Yana cikin man awo da ake tsiyayawa daga duro zuwa gorar ruwa a bakin titi, ba suna ba lamba, da jabun da ake ɗurawa a tsofaffin galan na kamfanonin kirki, abin da hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta daɗe tana kamawa a kasuwannin ƙasar nan. Mai jabu zai iya buga MA2 a takarda kamar yadda zai buga komai, saboda haka tambari kaɗai bai wadatar ba, sai an haɗa da sayen mai a wurin dila sananne, murfi a rufe da hatiminsa. Mu kanikawa kuma mu riƙa huda galan ɗin da muka juye kafin mu yar, domin daga hannunmu masu jabu ke tsintar su.

Wanda ya riga ya zuba man mota ya ji kuloci na zamewa, ya juye shi tun da wuri inji na da ɗumi, ya zuba mai MA ko MA2 mai lambar da kamfanin babur ɗinsa ya faɗa, ya sa a gyara masa wasan waya. Sau da yawa riƙon kan dawo. Idan bai dawo ba, farantan sun ƙone ke nan, sai sababbi, kuma a tabbata bakanike ya jiƙa su cikin man da za a zuba kafin ya ɗaura.