Yadda Ake Saka Bawul Mai Hana Ruwa Komawa a Injin Sumo na Gida

Duk da madatsun ruwa na Mairuwa da Gwaigwaye da ke kusa da Funtua, gidaje da dama a garin da kewayensa sun dogara ne da rijiya ko burtsatse, injin sumo na tura ruwa zuwa tankin sama. Abin da ke saurin kashe irin wannan inji sau da yawa ba rashin ingancinsa ba ne, ruwan da ke komowa kansa ne duk lokacin da ya tsaya.

Bututu mai faɗin inci 1 yana ɗaukar kusan rabin lita a kowace mita. Idan daga injin zuwa tanki akwai tsawon mita 30, to kimanin lita 15 ke tsaye a cikin bututun. Da an ɗauke wuta, wannan ruwa zai gangaro da nauyinsa ya juya fankar injin ta baya. Idan wutar ta dawo a daidai lokacin, ko aka yi saurin tayar da janareta, sai motar ta yi kokawa da fankar da ke juyawa a baibai. Haka ake ƙona koyil ko a karya sandar injin. Masu sumo mai aiki da sola sun fi shiga wannan hali da damina, domin hadari na wucewa injin na tsayawa yana tashi.

Maganin ɗan ƙaramin bawul ne na tagulla ko roba mai ƙofa ɗaya: ruwa ya hau, amma ba ya saukowa. Akwai mai sifirin a ciki, akwai mai murfi da ke lilo. Ga bututun da ke tsaye a cikin rijiya, mai sifirin ya fi, don yana rufewa tun kafin ruwan ya juyo da ƙarfi.

Kafin a sayo komai, wayar hannu za ta iya nuna ko akwai matsalar. A kashe injin na minti 30, a kunna, sannan a auna da agogon waya daƙiƙa nawa ruwa ya ɗauka kafin ya zubo cikin tanki. Idan nan take ya zubo, bututun a cike yake. Idan sai da aka jira ana jin iska na huci, ruwan ya koma ƙasa.

Wajen sakawa, a fara cire filogin injin daga soket gaba ɗaya, kashe makunni kawai bai isa ba. A jawo sumon da igiyarsa, ba da wayar wutarsa ba, kuma kada kowa ya shiga rijiya. A sayi bawul daidai da faɗin bututun, a naɗe zaren bakinsa da farin tef ta ɓangaren da ake ɗaurewa, a ɗaura shi a saman bakin injin. A jikin bawul ɗin akwai kibiya, dole ta kalli sama, wajen tanki. Wanda ya juya ta zai ji injin na gurnani babu ko ɗigo, kuma wannan kuskure ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Idan an haɗa bututun roba da gam, a bar shi ya bushe kamar yadda aka rubuta a jikin gwangwanin kafin a saki ruwa.

Wasu kan saka bawul ɗin a bakin burtsatse daga sama saboda ya fi sauƙi. A rami mai zurfi hakan bai wadatar ba. Sumo da yawa suna zuwa da nasu bawul a ciki. Idan na ƙasan nan ya fara yoyo, na saman zai riƙe ruwansa, tsakiyar bututun ta zama wayam. Da injin ya tashi sai ruwa ya doki bawul ɗin sama da ƙarfin da kan fasa mahaɗa. Na ƙasa shi ne ya kamata a gyara.

Ga wanda ke amfani da injin wajen kwashe ruwan sama da ke taruwa a wani rami a tsakar gida cikin watan Agusta, akwai ƙari ɗaya. Irin wannan rami yana ƙafewa, iska ta maƙale tsakanin injin da bawul, injin ya yi ta juyi ba ya ja. A huda bututun huji mai faɗin milimita 5 a ƙasan bawul ɗin, a cikin ramin, yana kallon ƙasa.

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ja baya injin ya fara zuƙar yashi, a maimaita gwajin agogon waya. Tsakuwa ɗaya ta isa ta hana bawul rufewa, kuma kwance shi a wanke yakan wadatar.