Darasi: Littattafan da Bulus Ya Aika a Kawo Masa

Karatu: 2 Timoti 4:6-18, Ayyukan Manzanni 17:10-12, 19:18-20.
Ayar haddacewa: Zabura 119:105.

Gabatarwa

'Yan'uwa, a watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta fashe, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri da ƙasar Jere. Mu da ke zaune a Dusuman ba mu manta da kwanakin nan ba. Sa'ad da ruwa ya janye, mutane suka baza kayansu a rana, tabarmi da tufafi da hatsi. A cikin kayan nan akwai littattafai, waɗansu sun kumbura, waɗansu sun manne har ba su buɗuwa. Shekara goma kafin wannan, a 2014, da yawa daga cikinmu suka gudo daga Gwoza da Bama da abin da hannu ya iya ɗauka kaɗai. Domin haka tambayar darasin yau ba baƙuwa ba ce gare mu. In mutum ya rasa kome, za a sāke sayo masa littattafai kaɗan, waɗanne zai roƙa?

1. Roƙon ɗaurarre

Bulus ya rubuta wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti yana kurkuku a Roma. Ya san kwanakinsa sun ƙarato. Dimas ya yashe shi saboda ƙaunar duniya, waɗansu sun tafi aiki a wurare dabam dabam, Luka kaɗai ya rage tare da shi. A aya ta 13 ya roƙi abu uku: mayafin da ya bari a Taruwasa wurin Karbus, da littattafansa, da waɗanda aka rubuta a kan fata, su ne ma ya fi so.

Mu lura da wannan ƙwarai. Mutumin nan ya ga Ubangiji a hanyar Dimashƙu. Ya yi wajen shekara talatin yana wa'azi, shi kansa ya rubuta wasiƙun da mu ke karantawa yau. Duk da haka yana bukatar karatu. Jikinsa yana jin sanyi, ya nemi mayafi. Ransa kuma yana da tasa bukata, ya nemi littattafai. In manzo bai ƙoshi da karatu ba har bakin kabari, ƙaƙa ni da kai za mu ce mun gama?

2. Littafi na fari, wanda ba shi da na biyu

Kafin in ambaci littattafan da na ke ƙauna, wajib ne in sa Littafi Mai Tsarki a wurinsa, gama shi ne ma'aunin sauran. Mutanen Biriya sun ji wa'azin Bulus kansa, amma kowace rana suna bin Littattafai su ga ko abin da ya faɗa haka ya ke, aka kuwa yaba musu.

Ba da sauƙi Littafin nan ya zo harshen Hausa ba. A 1855 matafiyin nan Barth ya tashi daga Kukawa ta ƙasar Barno tare da samari biyu, Dorugu Bahaushe da Abbega Bamargi, har suka kai Ingila. Daga bakin Dorugu wani mai bishara Bajamushe, sunansa Schön, ya ƙara sanin Hausa, a 1857 kuwa aka buga Bisharar Matiyu da ya fassara. Bayansa Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi shekaru suna fama, sai a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Daga Matiyu na Schön zuwa cikakken Littafi shekara 75 ke nan. Wanda ya ajiye nasa a ƙarƙashin akwati har gara ta ci, ya tuna da wahalar nan.

3. Abokan tafiya huɗu

Ga waɗanda ni kaina na fi komawa gare su.

Na ɗaya, Littafin Waƙoƙi. Kada a rena shi don yana hannun kowa. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba tana ɗauke da rabinsa a ka, ruwa kuwa bai iya cin wannan ba. Shawarata ita ce a riƙa karanta waƙa a hankali ba tare da murya ba, a nemi ayar da ta fito daga ciki. Waƙar da aka gane ma'anarta ta fi daɗin rairawa.

Na biyu, littafin John Bunyan mai suna Pilgrim's Progress, watau labarin tafiyar mai bi daga wannan duniya zuwa mai zuwa. Bunyan mai gyaran tukwanen ƙarfe ne a ƙasar Ingila, ba shi da ilimi mai zurfi. A 1660 aka ɗaure shi a Bedford domin yana wa'azi ba da iznin hukuma ba, ya yi shekara 12 a ciki. Da ya yi alkawarin barin wa'azi da an sake shi, ga shi kuma da iyali, har da 'yarsa makauniya, amma ya ƙi. An buga littafin a 1678. A ciki mutum ya bar garinsu da kaya mai nauyi a bayansa, ya faɗa cikin taɓo, kayan bai sauka ba sai a gindin gicciye. Ya bi ta kasuwar banza inda aka kashe abokinsa, daga baya aka kulle shi a gidan wani ƙato mai sa fid da zuciya, har ya tuna yana da mabuɗi a ƙirjinsa, watau alkawarin Allah. Wanda ya taɓa barin gida da ƙafa, bai san inda zai kwana ba, zai gane littafin nan fiye da mai zaman lafiya.

Na uku, littafin Agustin da a ke kira Confessions, watau furcinsa a gaban Allah. Agustin ɗan Afirka ne, an haife shi a 354 a ƙasar da a ke kira Aljeriya yanzu. Ya yi ƙuruciyar banza, uwa tasa Monika kuwa ta yi shekaru tana addu'a da hawaye dominsa. A 386, yana cikin wani lambu a Milan ta Italiya, ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, idonsa ya faɗa a ƙarshen sura 13, nan ya tuba. Daga baya ya zama bishop na Hippo. Ina ba iyaye mata shawarar littafin nan musamman, su da 'ya'yansu suka bar hanya, gama Monika ta ga amsar addu'arta kafin ta rasu a 387.

Na huɗu, The Hiding Place, na Corrie ten Boom, wanda aka buga a 1971. Ita da mahaifinta masu aikin agogo ne a Haarlem ta ƙasar Holan, 'yar'uwarta Betsie kuwa tana tare da su. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu suka ɓoye Yahudawa a gidansu. Aka kama su a 1944. Mahaifin ya mutu bayan kwana goma, Betsie ta mutu a sansanin Ravensbrück, Corrie kaɗai ta fita. A 1947, bayan ta yi magana a wata majami'a a Munich, ɗaya daga cikin masu gadin sansanin ya zo ya miƙa mata hannu. Ba ta ɓoye ba cewa hannunta ya ƙi tashi, sai da ta roƙi taimakon Yesu. Abin da ya sa na ke ƙaunar littafin ke nan. Akwai waɗanda ke zaune a cikinmu da aka kashe nasu, suna kuwa gamuwa a kasuwa da waɗanda aka ce sun tuba sun ajiye makami. Littafin bai ce gafara abu mai sauƙi ba ne, amma ya nuna inda a ke samun ikonta.

Waɗanda suka iya Turanci suna da hakki a kansu. Su karanta sura ɗaya, su faɗa wa ƙungiya da Hausa, kamar yadda Filibus ya hau karusa ya bayyana wa mutumin Habasha littafin Ishaya.

4. Ba kowane littafi ba

A Afisa waɗanda suka ba da gaskiya suka tattara littattafansu na sihiri suka ƙone a gaban jama'a, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Ashe akwai littafin da ya kamata a aika a kawo, akwai kuma wanda ya kamata a rabu da shi. Yau ma ana sayar da waɗansu da sunan Yesu a bangonsu, suna yi wa matalauci alkawarin dukiya in ya ba mai wa'azi abin da ya rage masa. Ga ma'auni uku. Littafin ya yarda da Maganar Allah? Wa ya ke ɗaukakawa, Almasihu ko marubucin? In ka rufe shi, kana jin marmarin buɗe Littafi Mai Tsarki, ko kuwa ya ɗauke maka shi? Wanda ya kāsa a ɗaya daga cikin ukun nan, kada ka ba ɗan'uwanka aronsa.

5. Abin yi

Littafi yana da tsada, amma abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya bai fi ƙarfin ashirin ba. Kowace ƙungiya, ta zumuntar mata ko ta matasa, ta nemi akwatin ƙarfe, a ɗora shi a wuri mai bisa inda ruwa ba ya kaiwa. A naɗa amintacce ya rubuta sunan mai aro da ranar komowa. Mai littafi biyu ya kawo ɗaya. A fara sayen Littafi Mai Tsarki domin gidan da ya rasa nasa, sa'an nan sauran.

Tambayoyi

1. Don me Bulus ya roƙi littattafai alhali ya san mutuwarsa ta yi kusa?
2. Me ya sa aka yabi mutanen Biriya?
3. Banda Littafi Mai Tsarki, wane littafi ya taɓa taimakonka? Faɗa wa ƙungiya yadda ya yi.
4. Akwai gida a ekklesiyarmu da ba shi da Littafi Mai Tsarki? Wa zai kai masa a makon nan?

Addu'a

Ya Ubangiji, mun gode maka domin waɗanda suka sha wahala har Maganarka ta zo harshenmu. Ka ba mu yunwar karatu da hikimar zaɓe. Ka tuna da waɗanda suka rasa gida da kaya, ka sa mu zama masu kai musu mayafi da littafi. Cikin sunan Yesu. Amin.