Sin 2A ba 2 sin A ba ne

Lissafi nake koyar da 'yan aji biyar da shida na sakandare a nan Dawaki, cikin garin Gombe. Duk shekara idan jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, takardun gwajin da nake dubawa labari ɗaya suke ba ni. Yaranmu sun haddace ƙa'idojin ninkin kusurwa tsaf. Ko daga barci ka tashi ɗalibi, zai karanto maka sin 2A = 2 sin A cos A ba gargada. A wajen rubutu makin yake zubewa.

Ga abubuwa huɗu da suka yi kama a ido: sin 2A, 2 sin A, sin²A da sin A². Ɗauki A a matsayin digiri 30. Na farko sin 60° ne, wato kusan 0.866. Na biyu 1 ne cif. Na uku rabi sau rabi, 0.25. Na huɗu kuwa, tunda 30 sau 30 ya ba da 900, amsarsa sifili ce. Lamba 2 ɗin nan ce kawai ta sauya mazauni, amsa ta tarwatse gida huɗu. Ɗalibin da yake rubutu cikin sauri, biyunsa ba ta sama ba ta ƙasa, shi da kansa bayan layi uku ba zai gane abin da ya nufa ba, balle mai duba takarda da tarin wasu ke jiransa.

Inda na fi daɗewa a aji shi ne cos 2A, don fuska uku gare shi: cos²A − sin²A, ko 2cos²A − 1, ko 1 − 2sin²A. Dukkansu daidai ne, amma ba kowanne ke kai ka gida da wuri ba. A ce an ba ka (1 − cos 2A) / sin 2A ka sauƙaƙa. Dubi 1 ɗin da ke sama, ka zaɓi fuskar da za ta kashe shi. Na sama ya zama 1 − (1 − 2sin²A), wato 2sin²A. Na ƙasa 2 sin A cos A. Ka soke 2 da sin A ɗaya, saura sin A / cos A, wato tan A. Layi uku an gama. Wanda ya ɗauko fuskar farko zai isa, sai dai ya yi zagaye.

To, ku lura da baka biyun da na sa. Wanda ya yar da su zai rubuta 1 − 1 − 2sin²A, alamar ragi ta bi shi har ƙarshe, ya tashi da −tan A. Masu duba takardun WAEC suna ba da makin hanya daban, makin amsa daban, saboda haka aiki mai tsabta yakan ceci wani abu ko da an yi tuntuɓe a ƙarshe. Wanda ya cakuɗa layukansa ya toshe wa kansa wannan ƙofar.

Waya ta ƙara dagula lamarin. Ɗalibai kan turo mini tambaya ta WhatsApp kamar haka: 1 − cos 2A / sin 2A. A ƙa'idar lissafi rabawa na gaba da ragi, don haka wannan wata tambaya ce daban. Da digiri 30 tana ba da 0.423, alhali ta asali 0.577 ce. Idan ba za ka sa baka biyu ba, rubuta a takarda ka ɗauki hoto.

Wani lokaci nakan tuna wa aji cewa Abul Wafa al-Buzjani, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 10, yana cikin malaman da suka bayyana irin waɗannan ƙa'idoji, kuma da jimloli masana zamaninsa suke rubuta su, ba da gajerun alamomin da muke da su yau ba. Dole ne su faɗi ko kusurwa aka ninka ko amsarta. Shi ya sa nake sa ɗalibi ya karanta aikinsa da baki: "sin na ninkin A" ko "ninkin sin A". Da zarar ya furta, yakan ji kuskurensa kafin in nuna masa.

'Yan uwana malamai, mu daina barin yara suna jera alamar daidai tsakanin abubuwan da ba daidai suke ba, ko suna soke "sin" sama da ƙasa kamar wata lamba ce. Wannan ɗabi'ar tana binsu har shekarar farko a Jami'ar Jihar Gombe, kuma tana jiransu a darasin fiziks, inda nisan abin da aka jefa ya dogara da sin 2θ, wato sin na ninkin kusurwar jifan, dalilin da ya sa jifa ya fi nisa a digiri 45.

Ku kuma ɗalibai, in kun gama sauƙaƙawa, ku saka digiri 30 a tambayar, ku saka a amsarku, ku ga ko sun haɗu. Amma ku fara duba kalkuleta tana kan digiri, ba radiyan ba.