Hotunan Manyan Ingila da Masu Cinikinsu

A ƙarni na 18 ba a san na'urar ɗaukar hoto ba. In wani basarake ko attajiri a Ingila yana so a adana kamanninsa, sai ya tafi wurin gwanin zane, kamar Joshua Reynolds, ya yi ta zama gabansa, ya biya kuɗi masu yawa. Hoton nan guda ɗaya ne tak, a bangon gidan mai shi za a rataye shi. Abin da ya fid da fuskokin manyan nan kasuwa, har talaka ya gan su, shi ne allon jan ƙarfe.

Hanyar da aka fi so ana ce da ita mezotin. Wani Bajamushe, Ludwig von Siegen, shi ya ƙago ta a 1642, amma a Ingila ta bunƙasa. Mai sana'ar yakan ɗauki wani ƙarfe mai ƙananan haƙora, ya yi ta gurza allon tsaye da kwance har ko'ina ya yi kaushi. Da za a shafa tawada a buga a haka, da takarda ta fito baƙa ƙirin. Sa'an nan ya dubi zanen gwanin, ya riƙa kankare kaushin nan inda yake son haske, kamar goshi da kumatu da walƙiyar tufafi, gama wurin da ya yi santsi ba ya riƙe tawada. Mu da muka taso da allo, baƙi muke ɗorawa bisa fari. Shi kuwa daga cikin baƙi yake tono fari. Sai dai jan ƙarfe taushi gare shi, kaushin nan da sauri yake cinyewa, saboda haka bugun farko ya fi na baya kyau da tsada.

Da ciniki ya kankama, sai masu kwaikwayo suka yi yawa. William Hogarth da abokansa suka kai kuka majalisa, aka yi doka a 1735 wadda ta hana kwaikwayon hoton mutum har shekara 14; a 1767 aka mai da su 28. Sharaɗin kuwa, a rubuta sunan mai hoton da ranar bugu a jikinsa. Dalilin ɗan rubutun nan ke nan da ke ƙasan hotunan zamanin, wanda ya kamata mu koya wa almajiranmu su karanta shi tun ba su dubi fuskar ba.

Amma fa dokar dukiyar ɗan kasuwa ta tsare, ba ta tilasta masa faɗin gaskiya ba. A 1775, da yaƙi ya tashi a Amurka, mutanen Landan suka ƙosa su ga kamannin George Washington. Nan da nan aka fito da hotonsa, an rubuta a ƙasa wai wani Alexander Campbell ne ya zana shi ido da ido, ga rana ga wata, kome daidai da doka. Aka kai guda Amurka, har ya isa hannun Washington. A watan Janairu 1776 ya rubuta wa abokinsa Joseph Reed cewa shi dai, a iyakar saninsa, bai taɓa ganin Campbell ɗin nan ba, amma lalle ya ba shi fuska mai ban tsoro.